Ni Ne Na Sa Batirin a Caji

Deira, Dubai
Lahadi, 14 ga Satumba

Yayata Sabuwa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki, da fatan wannan takarda za ta iske ki lafiya, ke da Malam Sanda da yara duka. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya kawo sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai zafin gari, wanda ko ruwan famfo ba ya taɓuwa da azahar. Matata Ummi Kulsum ta fara sabawa, har kasuwa take zuwa ita kaɗai a jirgin ƙasa.

Da gangan na rubuto maimakon in kira, don na san halinki, kafin in kai tsakiyar zance kin yanke hukunci. Saƙon muryarki na saurare shi sau uku. Kin ce Abubakar Sadiq, maƙwabcinmu a nan, da ya dawo gida ya gaya miki ɗanki Muhyiddeen ya kusa ƙone mana sito a Ras Al Khor da kayan wasansa, don haka in sa shi a jirgi ya dawo Kano. To ki kwantar da hankalinki. Ɗanki lafiyarsa ƙalau, ko gashin hannunsa bai babbake ba, kuma kayan kowa bai taɓu ba. Sauran maganar ce mai nauyi a bakina: ba shi ya yi ba, ni ne.

Abin da kike kira kayan wasa na'ura ce mai taya, faɗinta kamar faranti babba, da ƙarfe mai juyawa a gaba. Robot suke ce mata. Ana sa biyu a cikin keji, a tuƙa su daga waje, su yi ta sarar juna minti uku. Wata takwas Muhyiddeen yana haɗa tasa bayan tashi daga aiki, shi da abokinsa Kamil, mutumin Zangon Kumasi da ke gadi a layinmu. Ni na raɗa mata suna Kunkuru don tsokana, sunan kuma ya bi ta.

Ana saura kwana biyar gasa, ranar Juma'a da hantsi, na shiga sito ni kaɗai na ga batirinta a kan teburi. Na danna ɗan ma'aunin da ke gefe, na ga cajin rabi ne. Yaya, kin san yadda aka raine mu. Da an ji yara sun yi ihun an kawo wuta, kowa sai ya ruga da waya da fitila da rediyo. Shekarata goma sha ɗaya a garin da ba a ɗauke wuta, amma har yau idan na ga abu da rabin caji ga soket a zaune, sai zuciyata ta ƙi kwanciya. Na ce yaron nan sakaci ya yi masa yawa. Na buɗe kwalin cajar keken lantarki cikin kayan da za mu tura, na samu wadda bakinta ya shiga, na jona, na kulle sito na tafi masallaci ina jin na yi abin kirki.

Ashe da saninsa ya bar shi a rabi. Irin wannan batir, in ba a ranar za a yi aiki da shi ba, a rabi ake ajiye shi, balle a zafin nan. Kuma ba guda ɗaya ba ne, ƙanana shida ne aka ɗaure wuri ɗaya. Akwai wani ɗan farin soket mai siraran wayoyi da ake haɗawa da cajarsa ta musamman, ita ke duba kowane ɗaya ta daidaita su, kada wani ya cika ya wuce 'yan'uwansa. Tawa cajar ba ruwanta, ɗura take yi kawai.

Da muka dawo, Muhyiddeen ne ya fara jin warin tun daga ƙofa. Batirin ya kumbura kamar alkubus. Bai yi ihu ba. Ya cire wuta, ya ɗauke shi da doguwar filaya ya kai tsakiyar fili, Kamil ya rugo da bokitin yashi. Ko minti biyu ba a yi ba abin ya fashe, wuta ta tashi ta kai tsayin mutum. Na zauna a kan kwali ina kallon kayan mutane da ke jibge har rufi, shaddoji da turaruka, amana duka.

Maƙwabta suka taru, kowa na faɗin albarkacin bakinsa a kan samarin zamani. A nan Abubakar Sadiq ya ɗauki labarinsa. Ni kuwa na yi shiru, Yaya. Kwana biyu ina shiru, abinci ba ya wuce mini, har Ummi Kulsum ta ce ko in je asibiti. Ran Lahadi na kira shi gefe, na fara kame-kame. Sai ya ce, "Kawu, ai tun ranar na gane cajar. Ta kwalinka ce. Ban ga amfanin faɗa a gaban mutane ba." Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba.

Washegari na bi shi neman sabon batir. Ni da ido na ɗan kasuwa, wanda ya fi girma na nuna. Ya yi dariya ya ce ana auna Kunkuru a sikeli kafin ta shiga keji, in ta wuce nauyi an kore ta. Kuma faɗan minti uku ne, abin nema shi ne wanda zai iya ba da wuta da yawa lokaci guda ba tare da ya yi zafi ba. Uku ya sa aka fito da su, ya auna ƙananan ciki ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki wanda shidansa suka zo daidai. Ya haɗa da jakar da ba ta cin wuta. Na tsaya ina kallonsa, yaron da na goya.

A gasar ta ci faɗan farko, na biyu aka fizge mata taya. Batirin dai ya fito lafiya, da ɗan ɗuminsa kawai. Wani mai masana'anta a Dubai Investments Park ya karɓi lambarsa, ban san abin da zai haifar ba, Allah ya zaɓa mafi alheri. Na bi maƙwabta shago shago na gaya musu gaskiya, ke kaɗai kika rage.

Ki gaida Malam Sanda, da Mubashir da amaryarsa, da Zainul Abideen, ki ce ya dage da karatu. Wancan fawa bankin cajin waya da na aiko miki bara, in kin ga ya fara kumbura, ki fitar da shi daga ƙarƙashin matashin kai. Batun jirgi kuma ki bar shi. Kin ba ni amanar yaro in kula da shi, ga shi shi ne ya rufa mini asiri. In lallai sai an dawo da mai laifi gida, to ki shirya mini ɗaki.

Ƙaninki mai neman afuwa,
Dikko