Jar Da'ira a Kan Hannun Abba

Litinin

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Yaya tarin ƙaramar, ya sake ta? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Kar ki yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin waya. Kin san gidanmu, in na yi atishawa a ɗaki daga falo ake amsawa, maganar da zan yi kuwa ba ta kunnen Abba ba ce. Shi ya sa na ba direban da ke kai muku kaya.

A darasin aikin jarida an ba mu aikin ƙarshen zango, kowa ya haɗa mujallar kiɗa tasa: bango, da shafin jerin abin da ke ciki, da hira mai shafi biyu. Malamarmu, wadda muke kira Jan Biro don takarda ba ta taɓa fita hannunta fara ba, ta raba mana ƙa'idoji a rubuce, kowace da makinta. Sunan mujalla a can sama da manyan baƙaƙe. Kala kar ta wuce uku. Mai hoton bango ya kalli mai karatu ido cikin ido. Kanun labarai su jeru ta hagu, wai don a kanti mujallu hawa juna suke yi, gefen hagu kaɗai ke leƙowa. Sai wata 'yar da'ira mai kala, kamar an manna, da ake rubuta abin jan hankali a ciki. Ashe duk mujallar da muke gani muna zaton ado ne, lissafi ne zalla.

'Yan ajinmu kowa ya kamo ɗan'uwansa ya ɗora masa baƙin gilashi, ya ce ga mawaƙi. Ni kuwa da rawar kaina na ce ai ina da makaɗi na gaske a gida. Kwana uku ina bin Abba yana cewa in nemi wani. Umma ce ta sa baki, ta ce masa yarinya ta ce tana alfahari da kai, kai kuma kana ja mata aji kamar sabon ango. Ya yi dariya, ya sauko da jitarsa ta kiɗa daga saman kabad, ya share ƙurar da kansa.

Ke kin fi ni sanin abin da ya faru, don kina da wayo ranar da injin yanka katako ya cinye masa yatsu biyu na hagu. Ni dai na taso na ga Abba da hannu a aljihu. A hirar da muka yi ne ya faɗa mini yadda ya sake ɗaure tsirkiyoyin jitar, ya sauya musu murya don yatsu uku su wadatar, ya koya wa kansa daga farko a ɗaki, ƙofa rufe. Shekara goma sha ɗaya ke nan bai yi kiɗa a gaban baƙo ba.

Ranar Lahadi da hantsi na zaunar da shi a kujera jikin bangon baranda, inda haske ke faɗowa ta gefe. Hotuna goma na farko duk ya karkace, ya tura hannun bayan wuyan jitar. Can sai ya gyara zama, ya fito da shi ya ɗora a kan tsirkiyoyi, ya kalli kyamara ya ce, “Ɗauka da kyau, Auta. Ai shi ke yin kiɗan.” Yaya, hoton ya yi kyau har na ji tsoronsa.

Ranar Juma'a na karɓo gwajin bango daga maɗaba'a, na miƙa masa yana shan shayi. Ya goge gilashi, ya daɗe yana kallo. Da'irar nan ja, mai rubutun “Hira ta musamman”, a kan hannun ta zauna, ba ko farce a waje. Ya tambaye ni wannan jan abin fa, na ce ƙa'ida ce, akwai maki a kanta. Ya ce, “To, ƙa'ida ai ƙa'ida ce.” Ya miƙo mini, ya ƙarasa shayinsa. Kafin la'asar jitar ta koma saman kabad.

Tun ranar yana amsa gaisuwata kamar ta maƙwabci. Ni dai ban ga laifina ba, ba ni na rubuta ƙa'idar ba, kuma na riga na miƙa aikin. Ki yi masa magana, yana jin taki. Ki gaishe da maigida, ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

Laraba

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ji daɗi da tarin ya yi sauƙi. Amsarki ta iso jiya, layi huɗu, biyu gaisuwa, biyu tambaya: shin duk faɗin bangon babu inda da'irar za ta zauna sai nan? Tun muna yara haka kike, ba kya duka sai inda ƙurji yake.

Bari in fara da halin gida. Abba ba ya faɗa, da ma ya yi. Da safe ya fita wurin aiki, da yamma ya dawo ya kunna rediyo, in aka sa kiɗa ya murɗa zuwa labarai. Shekaranjiya murfin kwalbar magani ya gagare shi, ina zaune a gabansa, ya tashi ya kai wa Umma a kicin. Da can ni yake miƙa wa yana tsokanata da cewa ƙarfina na cin abinci ne kawai. Umma kuma in ta ajiye mini kwano sai ya yi ƙara.

A makaranta kuwa sai yabo. Jan Biro ta ɗaga bangona a gaban aji ta ce wannan ya cika kowace ƙa'ida, kalolin sun zauna, idon mutumin yana riƙe mai kallo. Ban taɓa samun maki irin wannan ba. Ta ce yana cikin guda shida da za a buga da girma a kafa a zauren makaranta ranar Asabar ta sama, ranar baje kolin ayyukanmu, kowa ya tsaya kusa da nasa, iyaye su zo su gani. Aka yi ta tafa mini.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai wuri, Yaya. Sama da kafaɗarsa ta wancan gefen bango ne fili fetal, kuma can na fara ajiye da'irar. Ina ɗakin kwamfuta ina daidaita ta, sai wata 'yar ajinmu ta leƙo ta bayana ta ce, wai, me ya sami hannun tsohon nan? Ta yamutsa fuska kamar ta ga ƙuda a miya. Wasu biyu suka taso, ɗaya ya lanƙwashe yatsunsa yana kwaikwayo, aka yi dariya. Ba su san cewa ubana ne ba, don ban taɓa faɗa ba, sunan kiɗansa na dā na sa a bango. Ni ma na yi 'yar dariyar. Da suka watse na kama da'irar na jawo ta ƙasa, na ƙara mata girma har ta rufe.

Ba Malama ba ce, ba ƙa'ida ba ce. Ƙa'idar ta ce a sa da'ira, ba ta ce a ina ba. Kunya na ji, kunyar hannun da ya ciyar da ni, kuma yanzu kunyar kaina ta fi waccan sau goma. Abin da ya fi cina shi ne, da ya tambaye ni, ƙaryar ta fito mini sumul, ko inda-inda ban yi ba.

Kar ki kira shi tukuna. In zai ji, gara ya ji daga bakin da ya yi ƙaryar. Ki sa ni a addu'a, ki gaishe da mutanen gidan.

Taki,
Auta

Alhamis

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da yara, da fatan kowa ƙalau. Na yi kwana takwas ban rubuto ba don ina ta kewaye-kewaye kamar akuya a turke.

Na fara zuwa maɗaba'a da bango na biyu, wanda na mayar da da'irar sama da kafaɗa. Mai buga takardun dattijo ne mai yawan magana, tawada har a gemu. Ya ɗora biyun a tebur ƙarƙashin fitila, ya ce na farkon talla ne, na biyun mutum ne, amma shi nasa bugawa, wanne zai buga da girma? Na ce ya buga duka. Daga nan na sami Jan Biro a ofis. Ta ce maki ya riga ya shiga, ba zai ƙaru ba ba zai ragu ba, abin da zan kafa ranar Asabar kuma ya rage nawa. Ta kalli na biyun ta saman gilashi ta tambaye ni waye shi a wurina. Da na faɗa sai ta rufe bironta.

Jiya da yamma na sami Abba a baranda yana gyaran ƙafar wata kujera. Na durƙusa, na shimfiɗa bangon biyu a gabansa, na faɗa masa komai, har dariyar da na yi. Na shirya wa faɗa, na shirya wa kora. Ya ci gaba da ɗaure ƙusa har ya gama, sannan ya ce tun ranar ya sani, shi da ya yi shekaru yana auna katako ai ya ga filin da ke sama da kafaɗa. Ya ce, “Ban ga laifinki ba sosai. Shekara goma sha ɗaya kina ganina ina ɓoye shi. Ba ki yi abin da ban koya miki ba.”

Yaya, da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka har majina, shi ko rarrashi bai yi ba. Na tambaye shi wanne zan kafa, in ya ce kar in kafa ko ɗaya ma na yarda. Ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne, ba shi za a tsayar a zaure ba. Ya ce, “Ki kai wanda za ki iya tsayawa kusa da shi. Kar ki kai na biyun don ki ba ni haƙuri, ki zo kuma kina sunkuyar da kai a gefensa. Wannan ba zan iya ɗauka ba.” Na ce zai zo? Ya ce yana da aiki.

Ga su nan biyu a naɗe a kan gadona. Ina so in ce miki na san kaina, amma waccan ranar ma ai na zaci na san kaina. Waɗanda suka yi dariyar duk za su kasance a zauren, da iyayensu.

Ki gaishe da maigida. Zan rubuto in an gama.

Auta

Lahadi

Yayata,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Yau ba zan cika ki da surutu ba.

Na biyun na kafa. Sai da ƙusa ta faɗi sau biyu kafin ya kafu. An buga shi ya kai rabin ƙofa, yatsu ukun suna daidai fuskar duk wanda ya tsaya. Awa huɗu ina gefensa. Wasu suka kalla suka kau da kai, wasu suka matso suna karanta hirar. Wata mata ta ja ɗanta da ya nuna da yatsa. 'Yar ajinmu mai yamutsa fuska ta zo da mahaifiyarta, ta ce a'a, kin matsar da jan abin, ai a wurinsa na dā ya fi kyau. Na ce mata Abbana ne, kuma da yatsun nan uku yake kiɗan da ba ta taɓa jin irinsa ba. Muryata ta fita siririya, ba irin ta jarumai ba, amma ta fita. Bayan ita na faɗa wa mutum ya fi ashirin, har wanda bai tambaya ba.

Umma ta zo wajen azahar da mayafinta na fita unguwa. Ta tsaya gaban hoton ta daɗe, ta gyara mini ɗankwali, ta ce ƙafata za ta kumbura. Duk wanda ya shigo sai na kalli ƙofa. Abba bai zo ba.

Da na koma gida na same shi a falo. Bai tambayi maki ba, bai tambayi abin da mutane suka ce ba. Ya rage muryar rediyo ya ce, “Kin tsaya?” Na ce na tsaya. Ya ce, “Har aka tashi?” Na ce har aka kwashe kujeru. Ya gyaɗa kai, ya ce in je in ci abinci.

Jitar tana saman kabad har yanzu, ni kuma ba ni da bakin da zan ce a sauko da ita. Sau ɗaya ya fito da hannun nan don ni, na rufe. Ban sani ba ko ana samun karo na biyu. In kin sami hali ki zo da yara ƙarshen wata, ko don gidan ya yi hayaniya.

Ki gaishe da kowa da kowa. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta