Murhun da Ba Ya Bukatar Zuga

Jimeta, 9 ga Maris, 2016

Dada,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya Nahla da sauran mutanen Madagali da suka komo? Ni lafiyata lau. Masu cewa na rame, kada ki biye musu, zafin Jimeta ne.

Albishirinki, na koma yin wuƙaƙe. Na samo tubalan wani tsohon gidan burodi a Damare, na gina ɗan murhu kamar akwati, na shimfiɗa wayar hita a ciki. Maƙwabcina Apollos, mai gyaran rediyo, ya haɗa min da lantarki. Ina yanko wuƙa daga ƙarfen tsohon sifirin mota, in sa ta ciki har ta yi jawur, in tsoma a mai. Biyun farko sun tsage. Ta ukun kuwa wani mahauci ya aske gashin hannunsa da ita, ya ce in kawo goma.

Apollos ya ɗauka tsadar gawayi ce ta sa ni wannan wahala. Ban gyara masa ba. Ke kin san ban taɓa hura wutar maƙera ba sai yayana Hamma Jalo na gefena yana zuga, yana kushe aikina. Tun da 'yan bindiga suka tafi da shi na kasa hura ta. Wannan murhu ba ya neman kowa. Shirunsa ne kawai ban saba da shi ba.

Na ji wani ya taya zugazugin Hamma. Don Allah kada a sayar. Har yau ba wanda ya ce ya ga gawarsa. A shafa wa fatar mai, a rataye inda ɓera ba zai kai ba.

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki,
Muktar