Ku Maido wa Inna Kaset ɗin Abijan

Zuwa ga Mai girma Darekta, shugaban gidan talabijin mai nuna shirin zanen barkwanci na manya da Hausa, a Yamai, tare da masu zanensa da masu sa murya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ku da aiki, ina fatan ku da iyalanku kuna cikin ƙoshin lafiya.

Sunana Hadiza Mahamman, haifaffiyar Tabotaki a ƙasar Buza. Malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, na ajiye alli, yanzu ina zaune a Madawa. Sau biyu na aiko muku da takarda a rufe, lambar wayar da wani ma'aikacinku ya bar mini kuwa na kira ta har na haddace muryar matar nan mai cewa ba a samun mai ita. Shi ya sa na fito fili, ba don ina son tonon silili ba.

Na fara da gaskiya: ni mai kallon shirinku ce. Kashin da kuka yi a kan ɗan kabu-kabun da ya ɗauko rago da surukarsa a babur ɗaya, na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Don haka kada wani ya ce tsohuwa ce ta ga desen anime, wato zanen barkwanci, ta ɗauka zagi ne. Na san wasa, a cikinsa na girma. Maganata a kan kashi ɗaya ce, wanda kuka sa wa suna "Gaisuwar Jaki".

Na farko: inda kuka samo shi.

Bara waccan, bayan girbi, wani ma'aikacinku ya zagaya Buza da Keita yana tara tsofaffin kaset-kaset na 'yan cin rani. Mutum ne mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce tarihi za a adana, za a juye muryar cikin waya, a maido mana da kayanmu kafin azumi. Ni na buɗe akwatin mahaifiyata, na ciro kaset ɗin daga cikin zanen da take naɗe shi, na miƙa masa da hannuna. Ban tambaye ta ba. Na so in ba ta mamaki ne, in kawo mata muryar mijinta fes, ba ƙugi. Wannan laifin nawa ne, kuma ina ɗauke da shi. Azumi biyu sun wuce, kaset bai dawo ba.

Na biyu: abin da ke cikinsa.

Ranka ya daɗe, wataƙila kai ɗan zamanin waya ne, bari in gaya maka. Lokacin da muke yara, da an ɗaure damman hatsi an zuba a rumbu, mazan garinmu sai su bi kamiyo, manyan motocin kaya, su yi kudu. Babanmu Abijan yake zuwa, shayi yake sayarwa a bakin wata tasha. Bai iya boko ba, Inna ma haka, sai kaset. Duk wanda zai dawo gida, a ba shi ya kawo, a naɗe da goro da sabulu.

Ranar da kaset ya iso, gidanmu ba masaka tsinke. Tun da hantsi za mu shanya tsofaffin pil, wato batir, a rana don su ƙara ƙarfi. Bayan la'asar a shimfiɗa tabarmi, a aro radiyon Kawu Idi, wan Baba, a ɗora ta bisa turmi. In zaren ya harɗe, ni ake kira, ni ce mai bik, wato biro, in zura in yi ta juyawa. Sai ka ji ƙugi, sai muryar Baba ta fito, a hankali, kamar yana zaune bayan danga.

Da maigari yake fara gaisuwa, sai liman, sai mahaifiyarsa, sai yayyensa ɗaya bayan ɗaya. Ya bi gida-gida, daga gabas zuwa yamma, ba ya tsallake kowa, har makauniyar bakin rijiya. Duk wanda ya ji sunansa sai ya amsa da ƙarfi, "Lafiya lau, Mahamman!" kamar zai ji shi. Sai ƙannena, Isufu, Rabi, Sani. Daga nan ya ce, da harshenmu na Adar: "Ina Auraki? Gyambon bayan nan nai ya warke? Ku bar aza mai kaya da yawa." Auraki jakinmu ne. Shi ke ɗauko mana ruwa daga fadama, in ya kwanta ciwo to Inna ce za ta ɗauko a ka.

Bayan Auraki sai Baba ya yi shiru.

Zaren yana tafiya, ba ya cewa komai. Kana jin ruwan Abijan bisa kwano, kana jin mota tana wucewa. Sai ya gyara murya sau ɗaya. Ya ƙara yin shiru. Ya gyara murya na biyu. Sannan ya ce, "To, madalla," ya shiga labarin hatsi da rufin ɗaki.

Duk Tabotaki ba wanda bai san abin da wannan yake nufi ba. Namiji mai kunya a wurinmu ba ya kiran sunan matarsa a gaban iyayensa da yayyensa, ba ya kuma kiran sunan ɗan fari. Ni ce ɗiyar fari. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba, kuma ban taɓa kwana da shakkar yana ƙaunata ba. Da shirun ya zo, mata sai su fara zungurar juna. Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, ta ce, "Kai, wanga tari na Abijan ba ya jin magani!" A tuntsire da dariya. Inna ta sunkuyar da kai tana tsinkar zogale da ta riga ta tsinke, kunnuwanta kaɗai ke aiki. Gwaggo ce ta taɓa raɗa mini cewa gyaran murya na farkon na Inna ne, na biyun nawa.

A kan kaset ɗin da ya aiko muke ɗaukar amsa mu mayar masa, shi ya sa ba mu tara ko ɗaya ba. Wannan na ƙarshe ne. Muna jiran matafiyin da zai kai amsa, sai labarin rasuwarsa ya riga mu. Can aka binne shi, ba wanda ya san kabarin a cikinmu. Ba mu da hotonsa. Abin da kuka riƙe shi ne abin da ya rage.

Na uku: abin da kuka yi da shi.

A gidan suna na fara gani, a wayar wata abokiyar aikina, mata sun yi da'ira suna riƙe ciki. Na leƙa ni ma ina murmushi. Sai na ji jerin sunayen. Kun sauya sunan gari, kun sauya sunan mutumin, amma maigari, liman, makauniyar bakin rijiya, gyambon Auraki, duk suna nan yadda Baba ya jera su. Mai sa muryar ya ja harshenmu kamar roba don a ƙara dariya. Wannan na yafe, mun saba.

Da aka zo wurin shirun, sai kuka sa jaki ya yi kuka. Kuka zana shi da rawani bisa kujera ana masa fifita, kuka zana matar a lungu hawaye na tsiri daga idonta kamar famfo, da wata yarinya mai majina tana jan zanenta. Ni ce yarinyar nan, ranka ya daɗe. Na ajiye kwanon da ke hannuna na fita ko sallama ban yi ba.

Na huɗu: masu sharhi.

Su suka fi ƙona mini rai. Wani ya rubuta a jarida da Faransanci cewa a duk shekarar ba ku yi kashin da ya kai wannan ba, wai kun tona yadda ɗan ƙauye ke fifita dabbarsa a kan matarsa. A wani shirin radiyo na ji mutum uku sun shafe awa guda suna yaba muku jarunta. Wata baiwar Allah mai digiri ta ce ya kamata a riƙa nuna shi a taron mata. Ɗaya ne kaɗai ya soke ku, shi ma cewa ya yi kunnuwan jakin sun yi tsawo. Ikon Allah! A cikinsu ba wanda ya tambayi ko tsohuwa ɗaya daga Adar me ya sa mutum zai gaida gari kaf ya tsallake mutum biyu. Da ɗalibina ne ya kawo mini irin wannan aiki, da jan bik zan rubuta masa ya je ya tambayi kakarsa.

Ba na cewa matan ƙauye ba su da abin kuka. Suna da shi, na fi masu sharhin nan sani, a cikinsu na yi aiki shekara da shekaru. Akwai mazan da suka tafi cin rani suka manta hanyar gida, ku zana su, zan taya ku dariya. Amma kun ɗauko mutumin da bai taɓa bari damina ta faɗi ba ya gida ba, kuka rataya masa laifin wasu. A wurinmu taubashi yana tsokanar taubashinsa har ya ji kamar ya nutse, amma a gabansa yake yi, shi ma ya rama. Babana ba ya nan balle ya rama.

Na biyar: Inna.

Ta tsufa, idonta ya yi rauni, ba ta ga zanenku ba. Amma mutanen Tabotaki sun gane shi tun daga sunan farko, kuma baki ba ya rufuwa. Kowace shekara in maza suka fara tafiya, takan ce a kunna mata kaset. Bara na ce radiyo ta lalace. Bana na je gaishe ta, na fara wata ƙaryar, sai ta katse ni. Ta ce ta sani, an ba ta labarin jaki mai rawani. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Su mutanen Yamai, ba su jiya ba da yag gyara murya?"

Ga tambayarta na kawo muku. Ku kuke da amsar.

Ga roƙona. Ku nemo kaset ɗin, fari ne, an ɗaure shi da jan zare, Kawu Idi ya rubuta Tabotaki da ajami a bayansa. Ku ba direban kowace mota mai zuwa Madawa, ya tambayi gidan Madam Hadiza ta lakwal, zan same shi. Kada ku gyara shi, kada ku cire ƙugin, kada ku taɓa wurin da babu magana. In za ku sake nuna wannan kashi, ku cire kukan jakin, ku bar wurin yadda mai shi ya bar shi, ku ga ko masu sharhinku za su ji wani abu. Ba na neman a ambaci sunanmu, ba na neman kowa ya rasa aikinsa. Wanda ya zana Auraki ma ya iya, har tabon kunnensa kamar ya san shi.

Hatsi ya shiga rumbu, motoci sun fara kwasar maza. Na kai radiyon Kawu Idi an wanke mata kai, na sa sababbin pil, tana nan bisa turmi a ɗakin Inna, an rufe ta da zane. In Inna ta ji mota ta tsaya a bakin hanya sai ta ce a leƙa.

Allah ya ƙara muku basira, ya sa ku ci gaba da ba mutane dariya, ya raya muku iyayenku. Wanda nasa suka riga mu, Allah ya jiƙan su, ya bar masa abin da zai riƙa tunawa da su.

Na tsaya nan, ina sauraronku. Wassalam.

Hadiza Mahamman,
ɗiyar fari ga marigayi Mahamman mai shayi,
Madawa.