Abin da Na Faɗa wa Mahaifiyata Bayan Aikin Ƙwaƙwalwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Asibitin da aka yi mini aiki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, kai da likitocinka da masu jinya, da fatan kuna lafiya.

Sunana Idirisu. Direban tarakta ne ni a gonakin dawa na Gadambaliya, gidana kuma yana cikin Gadarif. Da gangan na ƙi rubuta sunan asibitinku, don ba tozarta ku na zo yi ba. In akwai wanda wasiƙar nan za ta kunyata, ni ne.

Da farkon daminar bana ciwon kai ya matsa mini, har wata rana na yanke jiki na faɗi a gona. Hoto ya nuna ƙari ne a gaban ƙwaƙwalwata. Likitocinku suka buɗe kaina suka cire shi, ga shi yau ina tafiya da ƙafata. Wannan alheri ba zan manta da shi ba. Amma akwai abin da kuka bari, kuma ya ci gidana.

Na farko, ranar sallama. Wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya da maiɗakina Sa'adatu ta koya mata wanke ɗinki, da lokutan shan magani, ta ce kada in ɗauki kaya, kada in zauna a rana. Sa'adatu ba ta karatu, amma ta haddace komai. Babu wanda ya ce mata mutumin da za ta koma gida da shi halinsa na iya canzawa. Ko kalma ɗaya.

Na biyu, abin da ya faru a gida. Yayana Haruna ya rufe shagonsa a Showak ya zo, tare da mahaifiyarmu, Inna, wadda ta haura saba'in. Aka fito mini da angarib, gadon igiya, ƙarƙashin rumfa don in sha iska. Yaya ne ke riƙe ni zuwa bayan gida, shi ke yi mini wanka. Hannuna yana rawa ba ya riƙe loma, don haka Inna ce ke ba ni abinci a baki, tana share mini haɓa da gefen mayafinta kamar ina goye.

Ni kuwa fushi ya zama abincina. Ƙarar turmi a maƙwabta sai in hau zagi. Shayi ya huce sai in yi jifa da kofi. Sa'adatu takan kwashe fasassun. Shekara goma sha takwas muna tare ban taɓa ɗaga mata murya a gaban mutane ba, sai a makonnin nan.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, abokan aikina da dattawan unguwa suka shigo duba ni. Suna zaune a kan tabarma Inna ta kawo tuwon asida da miyar kuɓewa, ta zauna a bakin gadon ta ɗebo loma kamar kullum. Na buge hannunta, kwanon ya kife. Na ce ta fita mini daga gida. Na kira ta da wani suna wanda ba zan rubuta shi ba, ko da za a yanka ni. Tsohuwar nan ta durƙusa tana tattara abincin daga ƙasa da hannunta, tana cewa ma'alesh, in yi haƙuri, wataƙila da zafi ne, bari ta fifita mini wani. Ni kuma, Mai Girma, dariya na yi. Mutanen suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi sallama.

Washegari Yaya ya ɗauki Inna suka koma Showak. Bai yi mini magana ba. Ya dai ce wa Sa'adatu Inna ba za ta sake taka gidan nan ba muddin yana da rai.

Unguwa ta rabu biyu a kaina. Wasu suka ce iska ce ta shige ni a asibiti, aka kawo malami ya yi ta karatu. Wasu suka ce ciwo ba ya ƙirƙiro hali, tona shi yake yi. Dangin Sa'adatu suka aiko ta koma gida kafin in illata ta. Ta ƙi. Ita kaɗai ta ci gaba da ɗaga ni da kwantar da ni, mace mai ciwon baya, ina zaginta tana ba ni magani a kan lokaci.

Bayan kamar wata biyu kaina ya fara washewa. Da ma mantuwa ta zo mini, da na huta, amma ba abin da ya ɓace. Na tuna kwanon, na tuna yatsunta cikin ƙasa. Har yau ban iya haɗa ido da dattawan da suka zauna a tabarmar nan ba. Masallacin wata unguwa nake zuwa Juma'a.

Na uku, ranar da muka koma ganin likita. Sa'adatu ta yi ta maza, murya ƙasa-ƙasa, ta faɗa masa halin da na shiga. Ko kansa bai ɗago daga takarda ba ya ce ai wannan sananne ne, wurin da aka taɓa shi ke riƙe fushi da kunya, kuma ɗaya daga cikin magungunan yana ƙara shi, yawanci yakan lafa. Ya canza maganin. Maganar ba ta kai minti uku ba. Sa'adatu ta yi kuka a cikin raksha, keke mai ƙafa uku, tun daga ƙofarku har gida.

Ban ɗora muku laifina ba. Bakina ne ya faɗa, ni zan amsa a gaban Allah. Na kuma ga yadda kuke: marasa lafiyar da yaƙi ya koro sun cika har baranda, likita ɗaya yana aikin mutum biyar. Amma da an yi wannan minti ukun ranar sallama, da Yaya ya hana baƙi shigowa, da Inna ta san ciwo ne ke magana.

Don haka ina roƙon abu uku.

Ɗaya, kada a sake sallamar wanda aka yi wa aikin kai sai an zaunar da masu jinyarsa an gaya musu halinsa na iya juyawa, da abin da za su yi in ya juya.

Biyu, a faɗa da bakin da suke ji. Tsofaffinmu da yawa Larabcinsu na kasuwa ne, ba na asibiti ba, kuma ba a rasa mai jin Hausa a cikin ma'aikatanku.

Uku, wannan nawa ne ni kaɗai. Ina roƙon likitan da ya yi mini aiki ya rubuta mini layi biyu kan abin da ciwon nan ke jawowa, ya buga hatimi. Na kira Inna a waya, ta ce ta yafe tun ranar, ta hau tambayar ɗinkina. Amma Sa'adatu ta gaya mini abin da ta tambaye ta a ɓoye: wai da ma haka Idirisu yake kallonta tun can, ciwo ne kawai ya sa ya furta? Ina so in tafi Showak da takardar nan, Yaya ya karanta da idonsa, ya fassara mata. Ni kuma in durƙusa. Ba don in wanke kaina ba, sai don kada ta mutu tana zaton shekara arba'in da biyar na yi ina ɓoye wannan kalma a cikina.

Allah ya ƙara wa hannuwanku albarka, ya ba marasa lafiyarku sauƙi, ya kawo wa ƙasarmu zaman lafiya. Ya tsare ka daga ranar da bakinka zai taɓa wadda ta haife ka.

Wassalam.

Idirisu direba,
Gadarif.