Na'ura ta ƙi ni, ta ɗauki mijina da ya rasu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfin tunanina.

Ina zaune a Makera, ina cikin takaba, mijina ya bar ni da yara biyu. Ni da shi makaranta ɗaya muka yi, kwas ɗaya, sakamakona ma ya ɗan fi nasa, har yakan tsokane ni da Malama.

Wani kamfani a Kakuri ya buɗe ɗaukar ma'aikatan sito. Aka ce yanzu ba mutum ke tantancewa ba, AI ce, ba ruwanta da mace ko namiji, ba ruwanta da ƙabilarka ko wa ka sani. Na samu ƙarfin gwiwa, na nema ta waya tunda ba na fita. Ko shayin da na haɗa bai huce ba amsa ta zo, wai ban dace ba. Ba dalili, ba wanda zan tambaya.

Abin ya tsaya mini a rai. Na ɗauki wayar marigayi, na saka sunansa da takardunsa, na maimaita amsoshina ban canza ko harafi ba. Allah ya sani so nake kawai in gani. Suka ɗauke shi. Tun ranar wayarsa ba ta huta ba, ana taya shi murna, ana tuna masa ya zo Litinin da katin shaida. Duk ƙarar da ta yi sai ƙaramar 'yata ta ruga, wai ana neman Abba.

Kuskurena, na faɗa wa ƙaninsa, kuma suna kama sosai. Ya ce shi zai je a matsayinsa, ai don marayu ne. Na ce ba za a tayar da mamaci a sa shi ƙarya ba. Ya ce ni na fara, kuma in na kai kaina kamfanin, na'urar za ta riƙe sunana cikin maƙaryata, babu inda za a sake ɗaukata aiki. Ban sani ba ko haka ne. Jiya ya aiko matarsa karɓar jakar takardun, na ce ban gan ta ba. Ya ce Lahadi zai zo ya taya ni nema.

In je in faɗa musu gaskiya, ko in kashe wayar in yi shiru? In na yi shiru, me zan ce wa ƙaninsa ranar Lahadi? Yanzu ma da nake rubutun nan, wayar ta sake kawo haske.