Waɗanda Ba Su Ɗauki Hoto Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya Anti da yara? Ya ciwon bayan nan? Allah ya ƙara sauƙi, ko da yake na san maganin yana nan cikin kwalinsa ba ka taɓa ba.

Tunda ka daina ɗaga wayata, na koma wa takarda. Direban da yake kawo maka katako ya yi mini alkawarin zai sa maka ita a hannu ya tsaya har ka buɗe, don haka kada ma ka fara cewa ba ta iso ba.

Na san abin da ka ji: kamfanin kirifto, kuɗin intanet ɗin nan, ya ruguje, kuɗin mutane ya bi ruwa, ƙanwarka kuma tana cikin ma'aikatan. Na ƙarshen ne kaɗai gaskiya. Kuɗin yana nan, Yaya, ko sisi bai yi ciwon kai ba. Abin da ya ɓace shi ne bayanin wa ke da nawa. Ka ɗauka mutane sun kawo ajiyar katako shagonka, kowa ka rubuta sunansa da alli a jikin nasa, sai rufi ya yi yoyo ya wanke sunayen. Katako yana nan jibge, amma ba ka san na wa ne wanne ba.

Yadda abin ya faru kuwa, sai ka riƙe baki. Kullum da safe kwamfuta tana nuna wa Injiniyanmu koren maki, alamar an kwafi bayanan kowa an adana a wani wuri daban. Shekara da shekaru yana ganin korensa yana kurɓar shayinsa, ba wanda ya taɓa cewa bari mu buɗe kwafin mu gani da idonmu. Ranar da babbar kwamfutar ta mutu aka je aka buɗe, sai aka tarar wayam. Ashe tun lokacin da aka sauya wa bayanan mazauni, fanko na'urar take ta kwafa bilhaƙƙi da gaskiya.

Ka tuna yadda nake kawo maka ƙarar Madam, mai kamfanin, ina cewa ba ta dariya, ba ta yafe latti? To na janye rabin maganata. Washegarin abin ta tara mu a ɗakin taro. Lauya ya ba ta shawara ta rufe ƙofa, a kashe wayoyi, a bar kotu ta yi aikinta, a kuma fitar da sanarwa cewa wani ma'aikaci ne ya yi sakaci. Injiniya yana ƙarshen tebur, ya jiƙe sharkaf da gumi duk da sanyin na'ura. Madam ta bar lauya ya kai aya, sannan ta ce:

"Ni nake sa hannu a rahotonsa duk wata. In akwai sunan da za a fitar, nawa ne."

Daga nan ta sa aka sauko da teburinta daga bene aka ajiye a bakin ƙofa, ta rubuta lambar wayarta a kwali ta manna a bango. Mutane suka yi dafifi, masu kuka na yi, masu zagi na yi, wani har ya watsa mata ruwan gora. Ta goge fuska da gefen mayafinta ta tambaye shi sunansa. Ni ina bayanta riƙe da takardu ina kallo, ita ko gezau.

Na san abin da ka zuba a wurinmu kuɗin injin yankan katako ne. Na san shekarun da ka yi kana tara shi, kuma na san bakina ne ya kai ka. Ka yi fushi da ni iya son ranka, amma ka zo a rubuta sunanka.

Ka gaida Anti, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kowa lafiya. Direba ya ce ka buɗe, ka ninke, ka sa a aljihu, ka ci gaba da buga ƙusa kamar ba da kai ake ba. Na gode da amsa.

Bari in ba ka labarin inda aka kwana, ko ka so ko ka ƙi. Da farko lauya ya ce duk wanda yake da hoton asusunsa, wato wanda ya taɓa ɗaukar fuskar wayarsa tana nuna abin da yake da shi, a fara biyansa. Sauran su jira abin da ya rage. Masu hoto suka yi layi, har da wani da ya zo da ɗaruruwan hotuna, don tun ranar da ya shigo yake cewa wata rana za mu gudu. Madam ta wuni tana kallon wancan layin, tana kallon waɗanda suka rakuɓe a jikin bango hannu rabbana. Da yamma ta kira lauya a gabanmu.

"Masu hoton nan ba su taɓa yarda da mu ba, shi ya sa suke da shaida," in ji ta. "Waɗancan sun yarda da mu, shi ya sa ba su da komai. Ba zan hukunta mutum don ya amince da ni ba."

Wallahi kai na tuna. Ranar da na ce maka ka riƙa ɗaukar hoto, cewa ka yi me za ka yi da hoto alhali ƙanwarka tana ciki.

Sai ta fito da wata dabara. Ka san mutum ba ya riƙe lissafi, amma yana riƙe abin da ya same shi. Don haka ba ta fara tambayar kowa nawa ne kuɗinsa. Tambayarsa take yi me yake tara wa, kuma me ya faru a ranakun da ya zuba. Daga labarin a gano lokacin, daga lokacin a nemo shigar kuɗin a takardun banki, Injiniya kuma ya bi sawunsa a babban kundin kirifto da kowa yake iya gani a intanet. Aiki ne na tsince tsakuwa a shinkafa, amma yana ci.

Wata tsohuwa mai ɗinki ta zo tana cewa ita ba ta san komai ba, jikarta ce take latsa mata. Madam ta ba ta kujera ta yi ta janta da hira. Can sai ga shi ta tuna ta zuba kuɗi a makon da aka yi mata aikin ido, ta sake zubawa bayan ta gama ɗinkin kayan wata makaranta, da kuma ranar da kekenta ya karye ta fasa sayen sabo. Duka ukun aka samo su. Da aka faɗa mata jimillar sai ta ce a'a, ya yi yawa, a sake dubawa kada a ba ta haƙƙin wani. Muka yi ta dariya, ni har da ƙwalla.

Ba kowa ne haka ba, kada in yi maka ƙarya. Akwai waɗanda suka ga banza ta faɗi, mai kaɗan ya ce yana da yawa. Madam ba ta ce wa kowa maƙaryaci. Takardar banki take juyo masa ta ce su duba tare, sai ka ga mutum ya fara sosa ƙeya yana cewa ai shekaru sun ja. Duk da haka akwai giɓin da ba zai cike ba, don cinikin da aka yi a cikin manhajar kamfanin ta waya ya ɓace tare da bayanan. Ta sayar da motarta ta zuba a ciki, yanzu a tasi take zuwa. Nata rabon kuma ta ce sai kowa ya karɓa, in ya yi saura.

'Yan sanda ma sun zo. Sun yi mana tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, sun rubuta sunayenmu da na waɗanda kowannenmu ya kawo. Na gaji ranar kamar in faɗi.

Yanzu ga abin da ya sa na matsa maka. Kotu ta amince da tsarin Madam, amma ta ce ƙarshen watan nan za a rufe karɓar suna. Wanda bai zo ba, shi ke nan. Ni kuma ba ni da ikon cike maka, don Madam ta hana ma'aikaci taɓa takardar ɗan'uwansa. Na haɗo maka da fom ɗin. Tambayoyin ba su da yawa: sunanka, lambar wayarka, bankinka, da wanda ya kawo ka.

Allah ya huci zuciyarka. Gaisuwa ga Anti.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ni dai ba lafiya ba.

Anti ta kira ni a ɓoye. Ta ce ka hana a ambaci injin a gidan, kuma da fom ɗin da na aiko maka ka kunna wutar narka gam. Haba Yaya. In ni ce ba ka son gani, ka faɗi ranar da za ka zo in yi zamana a gida. Amma ka ƙone guminka na shekaru don kawai ka nuna mini ka yi fushi? Fushin da za ka yi ka cuci bayanka, ka ci gaba da jan zarto da hannu har tsufa, wannan ba fushi ba ne, taurin kai ne irin na Baba, kuma shi ma bai ci ribarsa ba.

Tun rasuwar iyayenmu kai ne uwa kai ne uba a gare ni. Ban taɓa zaton kuɗi zai sa ka shafe ni haka ba. Na faɗa, in ka ga dama ka ƙona wannan ma.

Auta

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar mai jin kunya. Ya gida, ya Anti da yara, ya baƙuwar da kuka yi jiya?

Ban san za ta zo ba, na rantse. Da wa'adi ya matso, Madam ta ce a fitar mata da sunan duk wanda banki ya nuna ya taɓa turo kuɗi amma bai zo ba. Ta ce wanda bai zo ba akwai abin da ya hana shi, mu ne za mu je. Ta rarraba mu unguwa-unguwa, naka kuma ta sa a jakarta ba ta gaya mini ba. Sai da yamma na gan ta ta shigo da garin katako a gefen zaninta, ta yafito ni, ta rufe ƙofa.

Ta ce ka share mata benci da hularka, ka aika aka sayo mata ruwa, sannan ka ce ai kai ba ka bin kamfani komai, in ma akwai ka yafe. Ba ta yi musu da kai ba. Ta tambaye ka aikin da ke gabanka, daga nan ta zarce zuwa ayyukan baya, kai kuma in aka taɓo katako ba ka san tsayawa ba. Ka ba ta labarin ƙofofin makarantar nan da aka biya ka a makare, da kujerun ɗakin jira na asibiti, da gadon da mai shi ya ce ya yi tsawo ka rage shi sau biyu. Kana ba da labari tana duba takardar banki a cinyarta, kowane aiki da kuɗin da ka tura bayansa. Ta ce a duk mutanen da ta zauna da su ba ta ga wanda nasa ya fito sarai kamar naka ba.

Sai ta zo kan tambayar ƙarshe, wa ya kawo ka. Ta ce nan take fuskarka ta sauya, ka ce da ƙafarka ka zo. Ta ce manhaja ai ba a zuwa mata da ƙafa. Ka ce to da hannunka ka sauke ta a waya. Ta miƙo maka wayarta ta ce ka nuna mata yadda ka yi, ka karɓa kana juya ta kamar an ba ka jaririn wani. Yaya, kai da ko saƙo sai Anti ta karanta maka ta goge?

Ta ce sai ka ajiye wayar a kan benci ka dube ta.

"In na faɗi sunan, shekara nawa za a yanke mata?"

Madam ta ce ta sha zagi a watan nan, ta sha tsinuwa, ba abin da ya taɓa mata zuciya kamar wannan. Ashe tun farkon abin wani a layinku ya karanto maka a waya cewa duk ma'aikacin da ya kawo mutum ya karɓi kamasho ɗaure shi za a yi, kuma da bakin waɗanda ya kawo za a kama shi. Ni kuma da wautata na rubuto maka cewa 'yan sanda sun ɗauki sunayenmu, na haɗa da fom mai tambayar wa ya kawo ka. Ka daina ɗaga wayata don kada a ga muna magana. Ka ƙona takardar don kada sunana ya fito daga hannunka.

Na san ta yi maka bayani, amma bari in maimaita don ka yi barci. Ana yin tambayar ne kawai don kamashon da aka biya ta banki yana nuna ranar da mutum ya buɗe asusu. Ba wanda za a ɗaure. Madam ta ce ta gaya maka in ma ɗauri ne ita ce a gaba, kai kuma ka ce ba ka yarda ba sai ta rubuta ta sa hannu. Ta rubuta, ka sa Anti ta karanta maka sau biyu, sannan ka faɗi sunana a hankali kamar har yanzu akwai mai laɓe.

An tabbatar da kuɗinka gaba ɗaya, zai shigo bankinka tare da na sauran. Kamfanin dai rufewa za a yi bayan an gama, kuma da alama Madam za ta fita ba ta da ko kujerar zama. Na ce mata duk inda ta sake buɗe ƙofa, ko shagon sayar da katin waya ne, ina bayanta. Ta ce in fara koyon zuwa a kan lokaci.

Ina rubutun nan hawaye yana ɓata mini takarda. Duk tsawon watan nan ina kwana ina tashi da cewa ka zaɓi kuɗi ka bar ni, har na rubuto maka baƙar magana na haɗa da Baba. Ashe kai tun ranar farko ka gama zaɓinka, ka haƙura da injin, ka koma wa zartonka ba ka gaya wa kowa ba.

Ina nan zuwa ranar Asabar. Kada ka yi mini bayanin komai, don na san ba za ka iya ba, kuma ni ma ba zan iya saurare ba. Ka dai sa takalminka ka jira ni, mu je mu tambayi farashin injin tare.

Ka gaida Anti, ka ce na gode. Allah ya bar mini kai.

Ƙanwarka har abada,
Auta