Wasan Gunki da na koya wa 'ya'yana a gidan abinci

Malama mai shafi, salama gare ki da masu karatu. Ku sakaya sunana, ku kuma jinkirta hukunci sai kun kai ƙarshe. Ni ma malamin makaranta ne, ba na ɗora jan biro sai na karanta amsa duka.

Masana tarbiyya sun cika littattafai, na karanta rabona, amma babu wanda ya taɓo babbar jarrabawar uba a duniya, wato zama da yara biyu a gidan abinci ana jiran sakwara. Maiɗakina nas ce, tana aikin Asabar, don haka ni nake kwaso yaran daga Samaru mu hau bas zuwa unguwar PZ a Sabon Gari, wurin wata mata da kowa ke kira Madam. Ita kuwa Madam ba ta ɗora doya a wuta sai ta ga fuskarka. Da farko na yi abin da uba nagari ke yi. Mun yi kacici-kacici har ya ƙare mini. Mun jera marafan kwalba a tebur muna buga ƙwallo da ɗan yatsa. Mun yi cankar launin rigar wanda zai shigo. Sai wata rana, gishiri ya zube, Auta tana kuka, yayanta yana ƙarƙashin tebur yana haushin kare, na ƙirƙiro wasan Gunki: kowa ya ƙame, ba magana, ba tashi, wanda ya fi jurewa shi ke da tsokar namana. Shiru ya sauka kamar sufeto ya shigo aji. Har na yaba wa basirata.

Ga inda kunyata take. Bayan shagon Madam akwai lungun da ake sayar da giya mai sanyi. Ni kuwa na yi alkawari gaban fasto da surukina cewa na bar ta har abada, maiɗakina kuma ta ce ranar da ta sake jin warinta a bakina, ranar za ta kwashe yara ta koma gidansu, kuma ba ta magana biyu. To, yara sun zama gumaka, sakwara da saura, lungu ga shi kusa. Wa zai sani? Sai na ƙara doka guda: wanda ya ba wani labarin wasan, ko da Mama ce, ya faɗi ke nan har abada. In sha kwalbata, in tauna namijin goro, in dawo in tarar da su yadda na bar su, ko ƙuda ba su kora ba. Haka muka yi damina guda.

Wata Asabar Madam tana ajiye kwanon wanke hannu ta ce, "Tica, yau ɗan'uwanka bai zo ba?" Na ce wane ɗan'uwa? Ta ce, "Wanda yake zama da yara in ka tafi wannan dogon fitsarin naka. Yana saya musu lemo. Mai kirki ne fa, ya san sunansu, har makarantarsu ya sani." Malama, ba ni da ɗan'uwa a Zariya, ko na nesa. Na ce yaya kamanninsa? Ta ɗaga kafaɗa. "Dogo, baƙi, yana sa hula." Wato rabin mazan Sabon Gari.

A bas na tambayi yarona, ya ɗinke baki. Na ce na soke wasan, na soke dokar, ya faɗa mini. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, dabara ce, so kake in faɗi." Wane uba ne ya taɓa horar da ɗansa har ya kasa buɗe shi? Sai da muka wuce Kwangila Auta ta raɗa mini a kunne: "Kawu ya ce kai ka aiko shi ya zama alƙali. Ya ce wanda ya ci wasan ƙarshe zai ɗauke shi a babur ya kai shi tafkin Bomo ganin ruwa. Shi kaɗai."

Daga ranar ban sake taka PZ ba, na ce wa maiɗakina sakwarar Madam ta fara gudaji. Na zaci an wuce wurin. Juma'ar nan na tashi aiki da wuri na je ɗauko su daga makaranta. Auta ta hango ni ta sheƙo da gudu, jaka tana dukan bayanta, sai kawai ta ƙame a bakin ƙofa, hannuwa a gefe. Na bi idonta. Can tsallaken titi wani yana zaune kan babur, yatsa a leɓe. Tirela ta gitta. Da ta wuce, babu kowa. Ɗaukar yarinyar na yi kamar itace, ba ta yi magana ba sai da muka shiga gida, abin da ta ce kuwa shi ne, "Baba, na ci?"

Sauran ranaku tare da 'ya'yan maƙwabta suke dawowa daga makaranta a ƙafa, kuma uwarsu ce kawai za ta iya canza wannan tsari ba tare da unguwa ta yi tambaya ba. In na ce mata wani yana bin yara, za ta tambaya a ina ya san su, nas ce, ba ta barin ciwo sai ta ji farkonsa. In faɗi gaskiya, in rasa su a hannunta? In yi shiru, in rasa ɗaya a hannun wanda ban ko san fuskarsa ba? Na san amsar da zan ba ɗalibi, amma jiya na buɗe baki a gabanta, sai na ji ina tambayarta ko da sauran kananzir.

Jama'a, don Allah me kuke ganin zan yi? Na san shafin nan sai ranar Juma'a yake fitowa. Makaranta kuwa Litinin ake komawa.